Hujin Kwandalar Kaka Haunani

Da niyyar faɗa na shiga ƙungiyar masu tara tsofaffin kuɗi ta garinmu Hilo, kuma ban ɓoye wa kowa ba. Tsofaffi tara ne. Asabar ɗin farko ta kowane wata sukan haɗu a zauren wani coci, su sha kofi, su ci burodi mai zaƙi, su yi ta miƙa wa juna gilashin ƙara girma. Shekara talatin suna haka. A cikin shekarun nan kuɗin masarautarmu, masu ɗauke da kan Sarki Kalakaua, sun yi ta tsallake teku ɗaya bayan ɗaya zuwa hannun dillalan California da Texas, su kuwa suna zaune suna gardama a kan ko ƙafar wani harafi ta ɗan karkace. Ka tare ɗan sakandare a bakin kasuwa ka tambaye shi ko Hawaii ta taɓa yin kuɗin kanta, sai ya ɗaga maka kafaɗa. Ni kaina na tashi ina ganin guda a gidanmu, amma sai da na je jami'a a Honolulu na san abin da nake gani.

A zamana na biyu na miƙe na faɗa musu duk wannan. Shugabansu, Kawu Tamashiro, tsohon ma'aikacin gidan waya ne mai rawar hannu. Ya bari na kai aya, sannan ya tura mini kofi.

"Zauna, Furofesa," in ji shi. "Sarkin nan ya yi shekara ɗari da ɗoriya yana kallon gefe guda. Zai iya jiran ka ka huce."

Daga ranar sunana ya ɓata. Ba wanda ya ƙara ce mini Kahiau a zauren nan.

Abin da nake so shi ne mu yi nuni a zauren taro na unguwarmu Keaukaha, inda 'yan ƙasa suke, kyauta, mako guda, yara su zo su ga kuɗin kakanninsu da idonsu. Sai da na yi wata huɗu ina cin ransu kafin suka yarda, ina jin don su huta da ni. Kawu Tamashiro ya ba ni aron keneta, wato kwabon masarautar na jan ƙarfe, wadda ta girmi sauran da kusan shekara arba'in, da lambobin yabo biyu na gasar noma ta zamanin sarauta. Wasu suka kawo ƙananan azurfa, wani ya kawo dala sukutum. Guda ɗaya ta rage jerin ya cika, wato hapalua, rabin dala. Mutum ɗaya ne ke da mai kyau a ƙungiyar, shi kuwa na riga na kira shi mai sayar da kakanninsa a gaban mutane. Ya aiko mini cewa in je in ari ta kakannina.

Na rubuta bayanan da za a manna a bango da kaina. A ɗaya daga cikinsu na zage ƙarfina a kan mutanenmu da suka mai da kuɗin sarki maɓallan riga da cokula da 'yan kunne. Na ce baƙi sun narkar da mafi yawa, mu kuma muka huda sauran da hannunmu, saboda ba mu san darajar abin da muke riƙe da shi ba. Na karanta wa kaina jimlar nan ya fi sau goma, ina jin daɗin ta.

Sai dai hapalua ɗaya tak da zan iya samu a duniya, hudajjiya ce.

Ta Kaka Haunani ce, wadda ta raine mu ni da ƙanwata Pualei bayan rasuwar mahaifiyarmu. Tana ajiye ta cikin wani gwangwanin shayi a kan kabad, zarge da igiyar ɓawon kwakwa. Ba a fito da ita sai ranar bikin cikar jariri shekara ɗaya. A ranar, mata kan shige ɗakin Kaka su yi wa yaro ado, su rataya masa kwandalar a wuya, sannan a fito da shi wurin jama'a. Mu maza muna can bayan gida tun asuba a bakin ramin gashi, muna fama da duwatsu masu zafi da ganyen ayaba. An rataya mini ita, an rataya wa Pualei, an rataya wa duk wanda ya fito daga zuriyar. Ta yi baƙi ƙirin, gemun sarki ya shafe saboda tsotson jarirai, ga wani mummunan huji a saman kansa mai kusurwa huɗu, gefensa ya tattaro kamar bakin gwangwanin da aka fasa da wuƙa.

Na same ta a baranda tana cire jijiyar ganyen ti, wanda muke naɗe abinci da shi, da hannu. Idonta ya yi yanar tsufa, shekara biyar ke nan, da yatsu take gani. Na yi mata dogon bayani a kan nunin. Ta ce in rage, ba ƙuri'a za ta jefa mini ba. Ta tuna mini cewa bikin Lehiwa, 'yar Pualei ta fari, saura kwana goma sha biyu.

"Ranar Asabar ɗin bikin da safe ina son ta a hannuna," ta ce. "Kada ka bar kowa ya taɓa ta da hannun maiƙo. Kai ma ban yarda da naka ba."

Na rantse mata. Ta ce rantsuwar 'yan jami'a ba ta fi ta masunta ba, amma in ɗauko gwangwanin.

A zauren taro na kwance igiyar, na ɗora kwandalar a kan baƙin ƙyalle tsakanin 'yan'uwanta, na ja baya na duba. Sauran duk sumul, ita kaɗai ce kamar an tsinto ta a kwata. Kuma tana daidai ƙarƙashin takardar da na zagi masu huda kuɗi, ga sunan gidanmu a jikin katin da ke gefenta. Wata malama daga jami'armu ta yi alkawarin zuwa buɗewa, akwai kuma ɗan jarida. Na ga kaina tsaye ina ba da haƙuri a madadin jahilcin dangina. Ban tsaya na yi tunanin sauke takardar ba. Ko sau ɗaya tunanin bai zo mini ba, kuma wannan na cikin abubuwan da har yau ba na son tunawa.

Washegari na kai ta wurin wani maƙerin azurfa a cikin gari. Ya juya ta, ya duba, ya tambaye ni ta waye. Na ce tawa. Ya ce idan ana son cikon ya zauna, dole ya fara rarake hujin ya zama zagayayye, ya goge ƙarfen da ya tattaro, sannan ya dasa azurfa ya narka ta a ciki. Kuma wuta za ta ci baƙin, sai dai a wanke ta gaba ɗaya. Ya ƙara tambaya ta ko na tabbata. Na ce masa na karanci tarihi, na san abin da nake yi.  A raina ina cewa kyauta zan yi wa tsohuwa: ta ba ni gurguwa, in mayar mata da mai ƙafa. Igiya kuwa, ai akwai ɗan zoben da ake ɗaura wa kwandala a gefe ba tare da an huda ta ba. Na saya har da shi.

Bayan kwana uku na karɓo ta tana ƙyalli kamar sabon cokali. Sai ka karkata ta a haske za ka ga ɗan da'irar cikon.

Ranar buɗewa mutane sun zo fiye da yadda na zata. Yara suka danna hancinsu a gilashi, wata yarinya ta tambaye ni ko da gaske an taɓa sayen kifi da waɗannan. Na yi jawabi na minti ashirin, aka tafa. Kawu Tamashiro bai tafa ba, yana can ya sunkuya a kan akwatin nunin da gilashinsa. Da mutane suka ragu ya yafito ni da yatsa.

"Wa ya yanka wannan?"

Na ce gyara aka yi mata.  Ya ce a wurin masu tara kuɗi, hudajjiya mai rauni ce, amma wadda aka toshe aka goge gawa ce da aka shafa wa hoda; ɗan koyo na wata guda ya san wannan, kuma da na rage wa'azi na ƙara saurare a zauren coci, da na ji shi sau ɗari. Sannan ya karanta sunan da ke katin, ya sauke gilashin.

"Ta Haunani ce? Ta sani?"

Na ce zan yi mata bayani.

"To, Furofesa," ya ce, "bayani kam ka iya."

Na fusata, na gaya wa kaina cewa tsohon yana maganar farashi ne kawai, irin tunanin 'yan kasuwa da na zo yaƙa. Da wannan na lallaɓa zuciyata har ƙarshen mako.

Ranar Asabar na tashi tun asuba tare da kawunnaina, muka jera duwatsu, muka saka alade da dankali a rami, muka rufe. Ana yayyafi kamar kullum. Wajen ƙarfe tara na wanke hannu, na ɗauko kwandalar cikin ɗan akwati mai auduga, na ƙwanƙwasa ɗakin Kaka. Tana zaune a bakin gado. Pualei na durƙushe tana kokawar sa wa Lehiwa riga, yarinyar na ta wuntsila ƙafa. Pualei ta ce da ni maza ba sa shiga nan, kuma ina warin hayaƙi. Na ce saƙo kawai zan bayar.

Kaka ta buɗe akwatin, ta ɗauki kwandalar. Babban yatsanta ya tafi kai tsaye saman kan sarki, kamar yadda ƙafa ke sanin matakalar gida. Ya shafa, ya zagaya, ya dawo. Ta juya ta baya, ta sake shafawa. Sai ta miƙo mini.

"Ka yi musaya, ɗan nan. Wannan ta wani ce. Koma ka ɗauko tawa."

Da na ce eh, da na sami awa guda. Na ce mata ita ce. Na ce an cike hujin, an wanke ta, ta koma yadda ta fito daga gidan buga kuɗi, yadda sarki ya so a gan ta. Na fito da ɗan zoben, na nuna yadda ake ɗaura shi. Na fara maganar yadda muke lalata kayan tarihinmu ba da sani ba, na ji muryata tana hawa irin ta ranar jawabi, kuma na kasa tsayar da ita. Pualei ta saki rigar tana kallona.

Kaka ta tambaye ni abu ɗaya. Ta ce idan aka cire abin da aka cusa, hujin yana nan yadda yake? Na ce an ɗan faɗaɗa shi. Ta ce kusurwoyin fa? Na ce babu.

Lehiwa ta kama tsotson hannu. Sannan Kaka ta ce Pualei ta matso, tunda dama yau ne ranarta ta ji, ni kuma in tsaya inda nake, tunda na riga na shigo.

Ta ce kakarta Kamaile ce ta huda ta. Shekara goma bayan an kifar da sarauta, sabuwar gwamnati ta sanar cewa kowa ya kai kuɗin sarki banki a canja masa da na Amurka kafin ƙarshen shekara, bayan nan ba za su ƙara sayen komai ba. Waɗanda aka karɓa narkar da su ake yi. Mijin Kamaile ɗan dako ne a tashar jirgin ruwa, ga 'ya'ya biyar, ba shi da halin yin zuciya da gwamnati. Ya tattara duk abin da ke gidan, har da wannan hapalua da aka ba Kamaile ranar aurenta. Ta roƙe shi ya bar mata guda, ya ce ba a cin sarki da gishiri. Amma ta ji a bakin matan da suke wanki tare cewa banki ba ya karɓar hudajjiya a kan darajarta. Da safen da zai tafi, ta zare ƙusa daga jikin katangar gida, irin ƙusar zamanin da, mai kusurwa huɗu, ta ɗauko dutse a bakin teku, ta ɗora kwandalar a kan kututture. Bugu na biyu ƙusar ta zame ta tsaga mata yatsa, farcen bai ƙara fitowa daidai ba har ta mutu. A na huɗu ta ɓula. Ta mayar da ita cikin ƙunshin kuɗin a ɓoye. Da yamma mijin ya dawo ya jefo mata ita a cinya, ya kwana uku ba ya mata magana.

"Ni na ga farcen," in ji Kaka. "Ita da kanta ta kama yatsan uwata ta ɗora a kan kusurwoyin nan. Uwata ta kama nawa. Ni na kama na uwarku, ranar da aka rataya maka."

Na ce ban sani ba. Na ce ba wanda ya taɓa gaya mini.

"Ka tambaya?" in ji Pualei. "Shekara huɗu kana Honolulu kana tambayar takardu. Ga ta nan a baranda kullum. Kai ne mai ceton tarihi, ko? Tafi ka ceci na wasu."

Kaka ta ce ta bari, yarinya na ji.

Abin da na faɗa bayan wannan ya fi zuwa wurin maƙerin muni, don a lokacin na riga na sani. Na ce akwai tsofaffin ƙusoshi masu kusurwa a rumbun Kawu Tamashiro, yana tara har da su. Minti ashirin ne a mota. Zan cire cikon, in buga ƙusar, in ɗan ƙona wurin ya yi baƙi, ba mai iya bambancewa.

Kaka ta juyo da fuskarta saitin muryata.

"In kama yatsan jikata in ɗora a kan aikinka, in ce mata na Kamaile ne?"



"Je ka huda ta yadda igiya za ta shiga," ta ce. "Mutane sun fara zuwa. Wannan zoben naka kuma ka tafi da shi."

Akwai injin huda na lantarki a garejin bayan gida. Na naɗe kwandalar da tsumma, na matse ta a kan benci, na saita bakin a tsakiyar da'irar.  Bai ɗauki ƙiftawar ido biyar ba. Azurfar ta fito tana nannaɗewa, ta zuba a ƙasa cikin garin katako. Hujin ya fita zagayayye, santsi, irin na maɓallin riga. Na tsaya ina kallon sa, ina jin kawunnaina a waje suna dariya, wani yana tambaya ina Kahiau ya gudu ana shirin buɗe rami.

Na koma na miƙa ta daga bakin ƙofa. Kaka ta laluba igiyar ta zura, ta ƙulla da kanta. Ta rataya wa Lehiwa, ta gyara mata wuyan riga. Sannan ta miƙa hannu ta kama yatsan Pualei, don hannun ya saba. Ta kawo shi har kusa da ƙirjin yarinyar, ta tsaya. Ta riƙe shi haka a iska na ɗan lokaci. Sai ta mayar da shi kan gwiwar Pualei, ta ɗan bubbuga, ta sake shi.

"Ka ja mana ƙofar," ta ce da ni.

Na koma bakin rami. Muka yaye buhuna da ganye, tururi ya tashi, na yi ta ɗauke duwatsu ba tare da na ji zafinsu ba sai da wani kawuna ya ƙwace shebur ɗin ya ce ko so nake a haɗa da ni a abincin. Mutum sama da ɗari ne a ƙarƙashin rumfa. An jera poi, tuwon gwazarmu, da ɗanyen kifi da naman, masu jita sun fara kiɗa. Da rana ta take aka fito da Lehiwa a kafaɗar ubanta, Kaka na biye, Pualei na riƙe da gwiwar hannunta.

Kwandalar ta kama haske tun daga baranda. Wata goggonmu da ta zo daga Kona ta ɗaga ta a tafin hannu ta ce kai, ashe haka take da kyau, ita tun tana yarinya ta ɗauka baƙin ƙarfe ce. Aka ce ai Kahiau ne ya kai aka gyara. Nan da nan aka kewaye ni. Wani ya dafa kafaɗata ya ce ga amfanin tura yaro makaranta. Wata ta ce tana da irinta guda biyu a gida, duk sun yi baƙi, ɗaya ma hudajjiya, in taimaka in kai mata wurin mutumin nan.

Na ce mata kada ta kai. Na ce kada ta bari kowa ya taɓa su, ni ne ma na farkon waɗanda za ta hana. Ta yi dariya, ta ce ji shi da rowa, ba ya son ta wani ta kai tasu ƙyalli.

Goggon Kona ta ɗaga murya don Kaka ta ji. "Haunani, kin ga abin da jikanki ya yi kuwa? Kin yi sa'ar jika."

Kaka na zaune da farantinta a cinya, ba ta taɓa komai a ciki ba.

"Na gani," ta ce. "Aikinsa ne. Ku tambaye shi, ya iya bayani."

Suka juyo gare ni gaba ɗaya, suna murmushi, suna jira.